Waiwaye: Yadda Iyayenmu Suke Gane Wanda Za a Ba Amana

Waɗanda suka yi wayo a Kano kafin yaƙin basasa, ko bayansa da kaɗan, za su tuna cewa a kasuwar Kurmi da Kantin Kwari ba a ɗaukar mutum aiki a rana ɗaya. Uba ko kawu ne zai riƙo hannun yaro bayan sallar la'asar, da ɗan goro a aljihu, su durƙusa a zauren attajiri a gaisa, a tambayi gida da iyali da yadda damina ta yi, sai can uban ya ce, "Alhaji, ga ɗanka nan na kawo maka, ya riƙa ɗaukar maka buta." Alhaji zai dubi yaron sau ɗaya, ya tambayi wajen wane malami ya yi allo, ya sa albarka, shi ke nan. Babu wanda zai tambaye shi abin da ya iya, domin an san bai iya komai ba tukuna. Babu kuma wanda zai tambaye shi ko yana da amana, domin ba a bakin mutum ake jin wannan ba.

Jarrabawar takan fara ne washegari, kuma yaron bai san an fara ta ba. Shi zai riga kowa zuwa ya share gaban kanti, ya kakkaɓe bandir-bandir na yadi, ya cika buta, da rana ya ruga gida ya karɓo kwanon abinci, ya yi wata da watanni hannunsa bai taɓa ko kwabon maigida ba. Sai ran nan a ba shi sule goma a ce ya kai wa maɗinki a Fagge, alhali sule tara ne kuɗin ɗinkin, maigida ya kau da kai kamar ya manta, yana jira ya ga ko sulen zai dawo, in kuma ya dawo, da kansa yaron ya miƙo shi ko sai da aka tambaya. Bayan wannan sai a tura shi karɓo bashi wajen mutumin da duk kasuwa ta san taurin bashinsa, ba don ana sa ran kuɗin ba, sai don a ga ko zai yi wa babba rashin kunya, kuma in ya dawo zai faɗi saƙon yadda aka ba shi ko zai ƙara masa gishiri. Wata rana maigida ya ce zai je jana'iza, ya bar masa kantin shi kaɗai, ya turo wani amininsa da yaron bai sani ba ya zo yana taya shadda, yana lallaɓa shi ya rage masa farashi shi kuma ya ba shi na goro a ɓoye. Babbar jarrabawa kuwa ba maigida ke shirya ta ba, ita ke zuwa da kanta: ranar da almakashi ya goce wa yaro ya ɓata yadi, ko ya yi kuskuren canji. A ranar ake bambance wanda zai cusa ɓarnar a ƙarƙashin kaya ya yi gum, da wanda zai zo ya durƙusa ya ce, "Baba, na yi ɓarna." Na biyun zai sha faɗa, amma shi ne bayan shekaru za a damƙa wa makullin sito, a aike shi Ikko ko Anacha da kuɗi ɗaure a ƙugu, daga ƙarshe a yi masa aure a yanka masa jari.

Yau minti 15 ake ba mutum a gaban tebur, a yanke hukunci a kansa.

Kafin zamanin kanti ma, kakanninmu fatake suna da makarantar da ta fi wannan tsanani. Ayarin goro na Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari yakan tashi daga ƙasar Hausa da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da jemammun fatu, ya haye Kwara, ya ratsa Borgu, ya bi ta Sansanin Mango da Yendi har Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar da zuwa da komowarta kan cinye watanni masu yawa. A irin wannan hanya babu halin da yake ɓoyuwa. Madugu ya san wanda yake barci a lokacin gadinsa, ya san wanda yake shayar da jakinsa kafin shi ya sha, ya san wanda yake tsayawa in an ji motsin 'yan fashi da wanda yake neman bayan kaya. Goro kuma ba ya yafe sakaci. Sai an riƙa kwance huhu a zango ana yayyafa ruwa, ana sauya ganye, ana tsince wanda sankara ta kama tun bai lalata sauran ba, kuma wanda ya yi ha'inci a wannan aikin goron ne da kansa zai tona shi ranar da aka sauka kasuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, da irin wannan sanin ne attajirai kamar Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda shi ma daga fataucin goro ya taso, suka riƙa ba yaransu kuɗi masu nauyi su shiga ƙauyuka sayen gyaɗa. A farkon shekarun 1960 wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya ga yadda ake ba mahauta shanun Arewa bashi babu takarda babu sa hannu, bisa lamunin masu masauki da dillalansu. Jarin waɗannan dillalai shi ne tarihin kowane mahauci da suke riƙe da shi a ka: wa ya saba biya a kan lokaci, wa ya taɓa saɓa alkawari, kuma da ya saɓa me ya yi daga baya.

Ba daga sama iyayenmu suka tsinci wannan ɗabi'a ba, a zauren karatu suka ji ta. An ruwaito cewa wani mutum ya zo ba da shaida a gaban Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, sai Umar ya nemi a kawo wanda ya san shi. Wani ya miƙe ya ce ya san shi da adalci da kirki. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa da ya san shigarsa da fitarsa, ya ce a'a. Ko kuɗi ya taɓa haɗa su, ya ce a'a. Ko sun taɓa yin tafiya tare, ya ce a'a. Sai Umar ya gaya masa cewa ai bai san shi ba. Haka nan a Suratul Ƙasas, da 'yar dattijon Madyana ta shawarci mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa, alaihis salam, aiki, siffa biyu ta ambata, ƙarfi da amana, kuma malaman tafsiri sun ce dukansu da idonta ta gani: abin da ya yi a bakin rijiya, da yadda ya kiyaye mutuncinta a hanyar gida. Shaida a wajen mutanen da tana nufin abin da aka ga mutum ya aikata a wata rana sananniya, a wani wuri sananne.

Kada matasa su ɗauka cewa zamanin da ba shi da aibi nake ba su labari. Yaron da ba shi da uban da zai riƙo hannunsa ba ya shiga wancan zauren, komai hazaƙarsa. Baƙo sai ya shekara yana ɗaukar kaya kafin a san sunansa. 'Ya mace kuwa ba a ma kawo zancenta, duk da cewa a cikin gidajen nan akwai matan da suke juya dukiya ta hanyar talla da adashe fiye da mazajensu. Akwai kuma iyayen gidan da suka cinye ƙuruciyar yaro shekara goma, da lokacin sallama ya zo sai suka laƙa masa sata suka kore shi hannu rabbana. A En'e abin ya fi muni, domin aikin malamin haraji ko malamin daji ko akawun hakimi sau da yawa na 'ya'yan gida ne da barorinsu, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka sa talakawa suka rungumi jam'iyyar NEPU bayan kafa ta a 1950. Sanin mutum yana da kyau, amma in aka ce sai wanda aka sani, to an rufe ƙofa ga mafi yawan mutane.

Shi ya sa da takarda ta zo aka karɓe ta da murna. A zamanin da gwamnatin Sardauna take ƙoƙarin cike ofisoshin Jihar Arewa da 'yan Arewa, ɗan manomi daga Gumel ko Misau ko Argungu yana iya gama makaranta, ya sami horo a makarantar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya, ya zauna a gaban hukumar ɗaukar ma'aikata a Kaduna, ya fito da aiki ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Abin da muke mantawa shi ne, takardar wancan lokacin akwai mutum a bayanta. 'Yan makaranta kaɗan ne, mafi yawa a makarantar kwana suke, kuma shugaban makarantar da zai rubuta wa yaro takardar shaidar hali ya zauna da shi shekara biyar, ya san yadda ya riƙe ƙanana da aka ba shi shugabancin ɗaki, ya san ko ya taɓa tsallake katanga, ya san abin da ya yi ranar da aka kama abokinsa da laifi. Idan irin wannan malami ya rubuta cewa yaro mai gaskiya ne, to ya gani ne. Har cikin shekarun 1970, lokacin kuɗin mai, ma'aikatu da bankuna da masaƙun Kaduna su ke bin ɗalibai, mutum yana gama hidimar ƙasa da takardar kama aiki biyu ko uku a hannu yana zaɓe.

Yau a shagon kwamfuta ake buga takardar shaidar hali, a canza suna kawai.

Kowa ya san yadda abin ya juye. Makarantu suka yawaita, aji ya cika har malami bai san fuskar ɗalibinsa ba, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo da rage ma'aikata, masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya a Kakuri da Sharaɗa da Bompai. Ranar 15 ga Maris 2014 hukumar shige da fice ta tara masu neman aiki a filayen wasa na ƙasar nan, mutum fiye da 500,000 ne suka nemi guraben da ba su kai 5,000 ba, kowa ya biya naira 1,000, aka yi turmutsutsu, aƙalla mutum 16 suka rasu. A 2023 sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya. A irin wannan cunkoso babu mai lokacin sanin kowa, sai aka koma ga abubuwa biyu da suke da saurin gani, kwali da kati: kwalin digiri, da katin wani babba.

Inda ma ake son yin gaskiya, a kamfanoni da makarantun kuɗi da ƙungiyoyin agaji, abin da ya rage shi ne intabiyu, kuma na sha zama a irin waɗannan kwamitoci na ga yadda ake yi. Saurayi zai shigo da kwat ɗin aro, gumi na keto masa, a ce ya ba da labarin kansa, a tambaye shi dalilin da ya sa yake son aikin, da burinsa nan da shekara biyar, da abin da yake ganin rauninsa ne. Duk waɗannan ya haddace amsarsu daga YouTube da zaurukan WhatsApp, takardar neman aikin ma wataƙila na'ura ce ta tsara masa. Sai a ƙara da tambayar da ta fi kowace yaudarar masu tambaya: idan ka ga abokin aikinka yana sata, me za ka yi? Wane ne zai ce zai yi shiru? Kafin ya kai ƙofa an riga an gama da shi, bisa yadda ya yi gaisuwa, da santsin Turancinsa, da ko wani a cikin kwamitin ya san gidansu. Bayan wata shida a zo ana mamakin yadda mai zaƙin bakin nan ya kasa rubuta rahoto, ko ya gudu da kuɗin ciniki.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, mutanen da suka koya mana intabiyu sun daɗe da gano raunin irin wannan tambaya, kuma maganin da suka samo ya yi kusa ƙwarai da abin da iyayenmu suke yi. A lokacin yaƙin duniya na biyu an ɗora wa wani masanin halayyar ɗan Adam, John Flanagan, aikin gano dalilin da ya sa ɗaliban tuƙin jirgin yaƙi na Amurka suke faɗuwa. Da ya duba rahotannin malamansu sai ya tarar da maganganu na gama-gari, wane ba shi da basira, wane ba shi da natsuwa, waɗanda ba su nuna komai. Sai ya koma tattara abubuwan da suka faru a zahiri: a wane tashi, me matuƙin ya yi, me ya biyo baya. A 1954 ya wallafa wannan hanya, ta zama tushen abin da ya zo daga baya. A farkon shekarun 1970 David McClelland na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka yi wa ma'aikatar harkokin wajen Amurka bincike a kan matasan jami'anta da ake turawa ƙasashe, domin makin jarrabawar shiga aiki ba ya nuna wanda zai yi kyau a fage. Suka zaunar da gwanaye da matsakaita, kowa ya ba da labarin lokutan da ya yi nasara da lokutan da ya kasa, dalla-dalla, sai bambancin ya fito a wuraren da jarrabawa ba ta taɓa dubawa ba, kamar iya fahimtar abin da baƙon mutum yake nufi, da saurin gane wanda maganarsa take da nauyi a gari. A 1982 Tom Janz a Kanada ya gwada wannan salon tambaya gefe da gefe da hirar da aka saba, ya ga na farkon ya fi nuna wanda zai iya aiki nesa ba kusa ba.

Alƙaluma ma sun goyi bayan haka. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter suka haɗa binciken shekara 85 a kan hanyoyin zaɓen ma'aikata. A ma'aunin da ya tashi daga 0 zuwa 1, tsararriyar ganawa, wadda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya da suka shafi aikin a kuma ba da maki bisa ƙa'ida, ta sami 0.51, hirar kara-zube ta sami 0.38, yawan shekarun aiki 0.18, yawan shekarun karatu kuwa 0.10 kacal. Da Paul Sackett da abokansa suka sake lissafin a 2022, alƙaluman sun ragu, amma tsararriyar ganawa ce ta hau kan gaba duka. Kamfanin Google, wanda ya yi suna da tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, shugaban sashen ma'aikatansa Laszlo Bock ya fito a 2013 ya ce ɓata lokaci ne, sun koma tambayar mutum abin da ya taɓa yi.

Dabarar ba ta da wuya. Maimakon ka tambayi mutum me zai yi, sai ka tambaye shi me ya yi, sannan ka bi diddigi: yaushe ne, a ina, me aka ɗora masa, shi da kansa me ya aikata, yaya ta ƙare. Na ga amfaninta da idona a wani kamfanin rarraba kayan masarufi da yake neman mai kula da sito da kuɗin ciniki. Aka ce wa kowane mai nema ya ba da labarin ranar da lissafi ya ƙi cika a hannunsa. Wani saurayi mai kwali biyu ya gyara zama ya ce shi a kullum yana tabbatar da komai ya daidaita, domin gaskiya ita ce ginshiƙin aiki. Aka ce masa madalla, amma rana ɗaya ake so, ko da ƙaramin kuɗi ne. Ya sake kewayawa ya dawo kan gaskiya da riƙon amana. Aka ba shi lokaci ya yi tunani, bai kawo ko rana ɗaya ba.

Bayansa wata yarinya ta shigo, mai difloma, muryarta ƙasa-ƙasa, wadda ta yi aiki a shagon cire kuɗi na POS a bakin wata kasuwa. Da aka yi mata tambayar ta ɗan yi shiru, sannan ta ce akwai wata Alhamis da ta rufe shago ta ga kuɗi sun yi giɓi. Aka ce sai me? Ta ce ta zauna ta bi rasit ɗaya bayan ɗaya har ta gano wani mutum ne ya nuna mata saƙon tura kuɗi a wayarsa ta ba shi tsaba, ashe kuɗin ba su shigo ba. Aka tambaye ta yaushe ta gaya wa mai shagon, ta ce a daren ta kira shi, domin in ta bari sai da safe zai ɗauka dabara ta tsaya shiryawa. Me ya ce? Ya yi faɗa sosai, ya ce za a riƙa cirewa a albashinta, ta amince. Daga nan me ya canza? Ta ce ta sayi littafi tana rubuta kowane ciniki da lokacinsa, kuma ta daina miƙa kuɗi sai ta ga sun shiga asusu da idonta, ko da mai kuɗin zai zage ta. Ta ce an zage ta kuwa, har da wani dattijo da ya girmi mahaifinta, ta ba shi haƙuri ta ba shi kujera amma ba ta ba shi kuɗin ba sai da suka shigo. Aka nemi lambar mai shagon, ta bayar nan take. Da aka kira shi, ba a tambaye shi ko tana da kirki ba, domin Bahaushe ba zai toshe wa yarinya hanyar abinci da bakinsa ba. Abin da ya faru ranar Alhamis ɗin aka tambaye shi, ya faɗi labarin kamar yadda ta faɗa. A cikin rabin sa'a kwamitin ya san abin da maigidan Kwari yake jira shekara biyu almakashi ya goce kafin ya sani.

Amma akwai sharuɗɗa, kuma a nan ne masu kwaikwayo suke tuntuɓe. Kafin a kira kowa, sai an zauna da waɗanda suka san aikin a tambaye su abubuwan da suka faru da suka bambanta ma'aikacin kirki da na banza, daga nan a fitar da halaye huɗu ko biyar da aikin yake bukata, kowanne da tambayarsa. Tambayoyin nan su za a yi wa kowa, ɗan wane da ɗan talaka. Sannan kowane ɗan kwamiti ya rubuta abin da ya ji, ya ba da makinsa shi kaɗai kafin a buɗe baki. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci a wajenmu fiye da a Turai, saboda mu in babba ya riga ya ce yaron nan ya kwanta masa, babu ƙaramin da zai ce shi bai kwanta masa ba, sai kwamitin mutum biyar ya koma ra'ayin mutum ɗaya.

Sai kuma kunya. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, don haka yaron kirki in ya zauna a gaban manya zai sunkuyar da kai, ya jingina komai ga ikon Allah da taimakon abokan aiki, ya ɓoye hannunsa a cikin aikin da shi ya yi shi. Wanda bai san mutanenmu ba sai ya ɗauka ba shi da abin faɗa, ya ba mai ɗaga murya maki. Aikin mai tambaya ne ya sassauta masa, ya yi masa da Hausa in ita ce za ta sake masa harshe, ya ce, "Mun ji abin da kuka yi gaba ɗaya, to kai wane ɓangare ne ya faɗo hannunka?" Haka kuma wanda bai taɓa aikin ofis ba, ba a rasa abin tambayarsa. Wanda ya riƙe kuɗin ƙungiyar unguwa, ko ya koyar a Islamiyya, ko ya kula da gonar gidansu bayan rasuwar uba, da matar da ta yi shekaru tana uwar adashe ba a taɓa jin kanta da kowa ba, duk suna da ranakun da aka gwada su. Ta nan wannan hanya ta fi zauren Alhaji adalci, domin maraya da baƙo da mace duk suna iya shigowa da tarihinsu.

Ban ce rabin sa'a zai maye gurbin shekara biyu ba. Akwai gwanayen ƙarya da za su ƙago labari, ko da yake ƙagaggen labari ba ya jure tambaya ta huɗu da ta biyar, kuma ba ya zuwa da lambar wanda ya shaida. An ce hali zanen dutse, amma mun ga mutanen da suka shiryu, mun ga kuma waɗanda suka lalace, don haka abin da mutum ya yi bara ya fi abin da ya yi shekara goma baya nauyi. Wanda za a ɗauka tuƙi a ba shi mota ya tuƙa, wanda za a ɗauka koyarwa a sa shi gaban aji, sannan a ajiye watannin gwaji na gaskiya. Inda kuwa aka riga aka sayar da gurbin tun kafin a buga talla, babu salon tambayar da zai gyara wannan. Hukunci ne maganinsa.

Abin da yake damuna shi ne, ba mu manta da wannan ilimin ba, mun dai taƙaita shi ne. Har gobe in za mu aurar da 'ya sai mun tura a bincika a unguwar yaron, a tambayi abokan cinikinsa, a ji yadda ya rabu da matarsa ta fari. Amma mutumin da za mu damƙa wa kemis, ko gidan mai, ko ajin yara arba'in, sai mu ɗauke shi don kwalinsa ya yi kyau ko don surukinmu ya yi waya.

Saboda haka, Alhaji mai kanti, Hajiya mai makaranta, da kai shugaban sashe da aka ba ka gurbi ɗaya ka cike: kafin ka kira kowa, ka zauna ka rubuta tambayoyinka, ka yi wa duk wanda ya zo iri ɗaya, ka bar shi ya yi shiru ya tuno, ka bi labarin har ƙarshensa, sannan ka ɗaga waya ka tabbatar. Ku kuma 'ya'yana masu yawo da fayil a rana, ku rage haddar amsoshin intanet. Ku zauna ku tuno ranakun da aka ba ku amana, da waɗanda kuka yi ɓarna kuka gyara, in an tambaye ku ku faɗe su yadda suka faru, ku ba da sunan wanda ya gani.